Alkawarin da Ka Bari a Bakin Dattijo

Zuwa ga ɗana na fari, a duk inda Allah Ya ajiye shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan sallama, ina miƙo maka gaisuwa irin ta uba, da fatan za ta iske ka cikin sauƙi, ko kana bisa ƙasa ko kana cikinta. Innarka na gaishe ka. Rabi matarka na gaishe ka, ko da yake ba ta ce in faɗa ba. Mutanen Gummi lafiya lau, sai zafi. Gulbi ya janye har yara na ratsa shi da ƙafa. An kwashe albasa a fadama, kasuwarta kuma ta faɗi, kamar yadda ta saba yi wa mai albasa.

Ba zan sa sunanka a takardar nan ba. Ban kira shi ranar da aka raɗa maka shi ba, ban kira shi ranar aurenka ba, ba kuwa a gaban mutanen waya zan fara ba. Ƙanwarka Hafsatu ce ke buga abin da nake rubutawa, ita ta ce in babu suna masu karatu ba za su san da wa nake ba. Na ce mata wanda nake da shi ya sani.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, tun safiyar da ka ɗaure akwatin kayan aikinka a bayan babur ka nufi wajen Gwashi, za ka gyara wa masu haƙar zinariya injin niƙan dutse. Akwatin aka tsinta a gefen hanya. Wasu gidajen akan kira su a waya a faɗa musu abin da ake so. Mu ba a kira mu ba. Ba mu yi maka salla ba, ba mu karɓi gaisuwa ba. Muna nan kamar wanda ya ɗaga ƙafa, ba a ce masa taka ba, ba a ce masa fasa ba.

Dalilin takardar shi ne in sanar da kai na kai ɗanka Dattijo Gusau. Alkawarinka ne, ni na cika shi, kuma ya kamata ka ji yadda aka yi daga bakina.

Ɗanka ya yi tsawo. Haƙoran gaba sun fita, sababbi sun maye. Sauran halin yana nan yadda ka bar shi. Ba ya kallon idon mutum. A kira shi har murya ta dushe ba zai waiwayo ba, amma in injin markaɗen maƙwabta ya sauya kuka, shi zai fara sani. Tuwo da miya sai an raba musu kwano. Boris ɗin tsohon injin nan da ka ba shi, ɗan zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki, yana hannunsa, yana juya shi kusa da kunne tun safe har rana ta faɗi. Masu ba da shawara ma ba su ƙare ba. Wannan ya ce iska ne, wancan ya ce dalmar da ke bin kayan aikinka ce, alhali an gwada jininsa ba a ga komai ba. Likitan Sakkwato da kuka je wurinsa ya ce otizim, suna kamar na maganin feshi. Ni dai abin da na gani, yaro ne da duniya ta yi wa ƙara da yawa.

Sunana ka sa masa, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidan nan, aka bar shi da Dattijo. Ya kuwa ci sunan. Ba ya son hayaniya, ba ya shiga wasan yara, ba ya yarda a matsar masa da takalmi daga inda ya aje shi. Innarka takan ce, "Dattijai biyu gida guda, kowane da nashi rikici, ni ɗai ka shan wahala."

Ka san yadda muka zauna ni da kai. Haka ubana ya zauna da yayana, haka na ga ana yi. Ɗan fari ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a yabonsa, ba a zama hira da shi. Da safe ka durƙusa daga nesa ka ce ina kwana, in ce lafiya. Ka ce za ka fita, in ce Allah Ya tsare. In aka tara duk maganar da muka yi tun kana yaro, ba za ta kai mu daga azahar zuwa la'asar ba. Ba ƙi ba ne, ka sani, na sani. Kunya ce, ita kuwa riga ce da ba a tambayar mai ita ko tana masa zafi.

Kai da aka ba ka naka ɗan farin, sai ka tuɓe rigar ka rataye. Ka ɗora shi a wuya ka ratsa kasuwa da shi. Ka zaunar da shi a gaban babur kana zuba masa zance, shi ko kallonka ba ya yi. Tsofaffin majalisarmu suka sa ni gaba, wai in taya su tambaya ko har goyo kake yi. Na aiki Innarka ta ja maka kunne. Abin da ta dawo da shi shi ne, "Ya ce a ba ka hanƙuri. Wai in shi bai yi mai magana ba, wa za shi yi?" Ban sake aikawa ba.

Ashe zancen da muke gani yana zubewa a ƙasa, rumbu yake shiga.

Bayan tafiyarka da 'yan makonni, wata la'asar ina alwala a tsakar gida, sai na ji ka a bayana. Ba mai kama da kai ba, kai. Da ɗan gyaran muryar nan da kake yi kafin ka yi magana, da yadda kake jan ƙarshen kalma. Ka ce, "Yi hanƙuri Dattijo, Sallah na tahe, in kai ka Gusau ka hau lilo." Sannan 'yar dariyarka ta hanci. Buta ta suɓuce mini. Na waiwaya, sai yaron zaune gindin turmi yana juya boris, fuskarsa ba ta ce komai ba.

Rabi na bakin murhu a lokacin. Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da tuwon ya kama.

Kakata takan yi mana tatsuniyar wani da ya ɓata a daji, sai tsuntsu ya zo ya sauka bisa dangar gidansu yana kuka da muryarsa. Muna yara mukan tambaye ta yadda mutanen gidan suka yi da tsuntsun. Takan ce, "Wasu sunka ce a kore shi, wasu sunka ce a ba shi gero." Ba ta taɓa faɗa mana wa ya fi gaskiya ba, sai ta ce barci take ji. Sai da na tsufa aka kawo mini tsuntsun har gida.

Daga ranar ya riƙa faɗin maganar kullum, wata rana sau ɗaya, wata rana ba iyaka. Ni ne mai ba da gero. Na ɗauke tabarmata daga zaure na kai ta inuwar da yake zama. Na rage zuwa majalisa, har suka aiko a duba ko na mutu ban sanar da su ba. Ka gane, ɗana, muryarka da na sani ita ce ta "ina kwana" da "na dawo", murya mai durƙuso. Wannan kuwa wata ce daban, mai taushi, mai wasa, wadda ban taɓa ji ba sai ta bayan katanga. Kuma da Dattijo take farawa. Na san ba da ni kake ba. Amma tsoho in ya rufe ido yana iya yi wa kansa 'yar ƙarya, ba wanda ya cuta.

Hafsatu ta gwada ɗaukar maganar a waya don a adana. Da muka kunna, muryar yaro ce kawai, siririya, ba ka ciki. Ban san yadda aka yi ba. Sai a tsakar gidan nan, daga bakinsa, kake fitowa.

Rabi ce mai son a kore tsuntsun. Ba ta taɓa ce mini ba, ba a faɗa wa suruki irin wannan, amma ina ganin yadda take sakin abin da ke hannunta duk sanda ka yi magana. Ludayi, tsintsiya, sau ɗaya har tulu. Ta rame sai idanu. Akwai wata malamar asibiti 'yar kudu da ke haya a layinmu, wadda Dattijo ke yarda ta riƙe masa hannu. Ita ta ce mai yiwuwa ba maimaitawa kawai yake yi ba, tambaya yake, da kalmomin da yake da su. Ta ce in aka kai shi, wataƙila ya ajiye maganar. Rabi ta ji haka ta ɗago kai. Ni na ji haka na sunkuyar da nawa.

Sallah ta zo, na ce hanya ba kyau. Gaskiya ne. Wata Sallar ta zo, na ce ƙafata na ciwo. Ita ma gaskiya ce. Wani ya ce a kai shi Sakkwato mana, can ma akwai lilo, na ce Gusau ka ce, yaron kuma ba ya karɓar canji. Tsoho ba ya rasa gaskiyar da zai fake a bayanta.

Azumin bana ne ya karya ni. Ban san yadda ya gane Sallah ta matso ba, ko ɗinkin da ya ga ana shigowa da shi ne. Sai ya fara sa takalmi tun da safe, ya tsaya bakin zaure yana fuskantar hanya, yana faɗin maganar, amma babu dariyar a ƙarshe. Rana ta take, yana tsaye. In aka jawo shi ciki ya buga kansa da ƙyaure. Innarka ta iske ni a ɗaki ta ce, "Malam, kai ka jin daɗin maganar ga, shi ciwo taka yi mai. Alkawari kaya ne. Mai shi ba ya nan, kai aka bar ma. Tashi ka ɗauka."

Na san abin da zan rasa in na ɗauka. Na tashi.

Kashegarin Sallah muka shiga mota, ni da shi da Rabi. Malamar asibitin ta ba mu dabaru: a toshe masa kunne da auduga a ɗora hula, a tafi da abincin da ya sani, a isa wurin da wuri kafin jama'a su taru. Ba a bar tasha ba sai da rana ta ɗaga, motoci suka haɗu aka tafi a jere.

Muka hau hanyar Anka. Direba ya kashe rediyo. Kowa na kallon daji ta wutsiyar ido, ni ina kallonsa gaba-gaɗi, kowane kututture sai in ga kamar mutum a durƙushe. Mun wuce ƙauyukan da na sani da kasuwa da mahauta, yanzu sai bango ba rufi. Dattijo kaɗai ya ji daɗin tafiyar. Ya kafa kunne jikin ƙofa yana sauraron taya, har muka shiga Gusau muka sauka gidan ƙanen Rabi.

Kashegari da hantsi muka isa wurin wasan. Fili ne babba da aka kewaye. Ga dawakin roba a jere bisa wani faifai, ga kujeru masu kama da kofin shayi, ga ɗan jirgin ƙasa, ga kuma wani ƙaton lilo kamar tayar keke da aka tsayar, da kwanduna rataye a jikinsa. Ba kowa sai masu shara. Na ce a raina, dabara ta yi.

Ashe dabarar ta wata ƙasa ce. Mai kula da injunan, wani mai gajeren gemu da hannu duk baƙin mai, ya dube ni ya ce, "Baba, ai ba a tada janareta don mutum uku. Sai bayan la'asar, in wuri ya cika." Wato a wurinmu shiru da juyawa ba sa zama inuwa ɗaya. In kana son lilo ya juya, sai ka haɗa da jama'a. In shiru kake so, ga dawaki nan a tsaye.

Na so a ce ka ga ɗanka cikin shirun nan. Ya bi dawakin ɗaya bayan ɗaya yana shafa ƙarfen da ya soke su, bai ko dubi fuskokinsu ba. Ya kwanta rub da ciki, da sabuwar shaddarsa, ya leƙa ƙarƙashin faifan. Da ya ga bel da ƙafafun da ke jan shi, sai ya yi wata ƙara ta murna da ban taɓa ji ba. Mai injin ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Kai, wannan ɗan bakanike ne." Rabi ta juya baya tana gyara mayafi.

Na so mu tafi a lokacin. Ya ga wuri, ya ji daɗi, ba wanda ya ji ciwo. Kuma na lissafa a raina cewa in bai hau ba, alkawari bai cika ba, maganar tana nan. Na kama hannunsa na nufi ƙofa. Ya ƙame kamar an dasa shi, ya faɗi maganarka sau uku a jere. Cewa ka yi ya hau, ba ka ce ya leƙa ba. Muka koma gindin wata darbejiya muka zauna. Ya ci tuwonsa a kwano ɗaya, miya a ɗaya, muka jira.

Bayan la'asar sai ka ce an fasa gari. Yara cikin sababbin kaya, 'yan mata da lalle, samari da waya a sama, masu balan-balan, masu alewa, masu hoto. Janareta ya tashi, lasifika ta hau kansa, kowane lilo da nashi kiɗan. Layi kuwa ka san namu, mai ƙarfi shi ne na gaba. Na sa shi a gabana, hannuwana bisa kafaɗunsa, ina jin jikinsa na ɗaurewa kamar igiyar guga. Ya danne hular da hannu biyu. Ya jure, wallahi ya jure, har muka kusa ƙofar dawakin.

Sai wani yaro ya jefa abin fashewar nan na wasan Sallah a bayanmu.

Ba Dattijo kaɗai ya firgita ba. Na ga manya sun duƙa, na ga wata mata ta tattara 'ya'yanta ta kwanta bisansu. Kana iya gane mutanen ƙauyukanmu daga yadda suka nemi ƙasa. Su dai sun tashi suna kakkaɓe riga da dariyar kunya. Shi bai tashi ba. Ya faɗi yana ihu, yana buga ƙeya da ƙasa, yana cizon hannunsa. Boris ya gangara cikin ƙafafu.

Kafin in sunkuya an yi mana zobe. Wani ya ce aljanu ne, a ba shi wuri, ba kuwa wanda ya matsa. Wani bawan Allah ya durƙusa yana masa karatu da ƙarfi a cikin kunne, da kyakkyawar niyya, yana ƙara wa wuta itace. Wata ta fasa ruwan leda ta watsa masa. Samari sun ɗaga waya. Na ji wata murya ta ce, "Mai irin wannan ɗa ai gida yake barinsa." Rabi na rarrafe tsakanin ƙafafun mutane tana neman boris, sabon mayafinta na jan ƙasa.

Ban san dabarar asibiti ba. Abin da na sani shi ne na shekarun da na yi ina aikin dabbobi: maraƙi in ya firgita, ido ake rufe masa. Na zauna a ƙasa, da ƙafar tawa da komai, na ɗaga babbar rigata na lulluɓe mu ni da shi. Ciki duhu-duhu, shuɗi, sai ƙamshin sabon yadi da numfashinmu. Na matse shi a ƙirji yadda na sha hango ka kana yi. Ya yi ta dukana. Ban ce komai ba, don ban san abin da kake ce masa a irin wannan lokaci ba. A hankali dukan ya koma rawar jiki, rawar jiki ta koma ajiyar zuciya. Sai hannun Rabi ya shigo ta ƙarƙashin rigar, da boris a ciki.

A cikin rigar nan na tuna ban san nauyinka ba lokacin da kake kamarsa.

Da na yaye, zoben ya watse, abin kallo ya ƙare. Mai injin na tsaye. Ya ce dawaki ba za su yi ba, nan turmutsutsun yake. Ya ja mu ta bayan shinge zuwa ƙaton lilon, ya tsayar da kwando ɗaya ya tare mutane da hannu. Ya ce, "Baba, kai da abokinka. Can sama ba kowa." Rabi ta ce ita ƙasa ta ishe ta.

Ɗana, ni da ban taɓa hawan abin da ya fi rumbu tsawo ba. Aka rufe mana ƙarfe, abin ya yi ƙugi ya ɗaga. Cikina ya ce shi ba da shi ba, ya tsaya ƙasa wajen Rabi. Na kama salati. Dattijo kuwa da ƙafarsa ta bar ƙasa, sai jikinsa ya saki. Muna hawa hayaniya na raguwa, kiɗan ya koma kamar na bikin wata unguwa. Muka kai ƙololuwa, muka gangaro, muka sake hawa.

Muna can sama janareta ya mutu. Wurin ya yi tsit, sai gunagunin jama'a daga ƙasa. Kwandon ya tsaya yana reto da mu a hankali. Ga Gusau a shimfiɗe, kwanon rufi na ƙyalli, ga duwatsu, ga rana ta karkata wajen da muka fito. Daga bayan gari daji ne har inda ido ya gaza. Na ce a raina kana cikin wancan, a wani wuri, ko zaune ko kwance, kuma ba zan ƙara kusantar ganinka fiye da haka ba.

Iska ta taso ta kaɗa kwandon da ɗan ƙarfi. Sai na ji gyaran muryar nan.

Na jira "Yi hanƙuri". Ba ita ta zo ba. Cewa ka yi, "Riƙa da kyau Dattijo, kak ka saki. Ga ni bayanka."

Ba wanda ya taɓa jin wannan a gidanmu. Ba ni ba, ba Innarka ba. Rabi ma, da Hafsatu ta tambaye ta daga baya, ta ce ba ta san ta ba. Ina jin bisa babur kake faɗa masa, in kun zo gangaren gulbi, inda ba kowa sai ku biyu. Yana ajiye da ita duk wannan lokaci, sai da aka kaɗa shi irin kaɗawar da ya sani.

Hannuna na bisa ƙarfe, jijiyoyi sun tashi. Na san babu komai bayanmu sai sarari. Duk da haka ban waiwaya ba, don kada in tabbatar. Na buɗe baki na ce na riƙe. Ban san ko yaron ya ji ba, audugar na kunnensa. Ba shi na ba amsa ba.

Aka tada injin, aka sauko da mu. Da aka buɗe ƙarfen ya fito da kansa, ya nufi ƙofar fita bai waiwayi dawakin ba.

Yau makonni ke nan da dawowarmu. Malamar asibiti ta yi gaskiya. Ya ajiye maganar. Ba ya tsayuwa bakin zaure, ƙullutun goshinsa ya sace, takalminsa na nan inda yake so. Rabi ta fara cin abinci. Shekaranjiya na ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa wajen daka, da ta ga inuwata ta yi shiru. Gida ya samu lafiya, kowa ya ce an gode Allah, ni ma na ce.

Ba zan ɓoye maka ba, na gwada. Na zauna kusa da shi na ce Sallah na tahe, na bar masa sauran ya ƙarasa. Bai ko ɗaga kai ba. Sai na yi tunanin gangaren gulbi. Na ce in wannan ta fito da kaɗawa, wa ya san nawa ne a ciki, wa ya san abin da ka faɗa masa a hanyar fadama, ko a bakin kasuwa, ko ranar da ruwa ya kama ku. Har na aika aka kira mini ɗan kabu-kabu, ya zo ya tsaya ƙofar gida injin na kuka. Innarka ta fito ta dubi babur ɗin, ta dube ni, ta ce, "Malam, yaro ne, ba rediyo ba." Na sallami mai babur.

In wata rana ya so hawa don kansa, zan kai shi. Amma ba zan girgiza shi don ka faɗo ba. Ba don haka ka zuba masa zancen ba.

To ga yadda aka yi. Ɗanka ya sauke kaya, ni na rasa ka karo na biyu, kuma wannan karon da ƙafata na kai ka. In aka mayar da ni bakin tasha aka ce in zaɓa, motar zan sake shiga. Na faɗa maka ne don kada ka ji shiru daga wajenmu ka zaci an manta.

Tabarmata na nan a inuwarsa, ban mayar da ita zaure ba. Jiya da hantsi ya yi gyaran murya. Na ajiye carbi, na rufe ido, na jira. Tari ne kawai.

Ya Allah, in bawan nan naKa yana numfashi, Ka sassauta masa ɗauri, Ka ba shi ruwa a lokacin ƙishi, Ka buɗe masa hanyar gida ya zo ya yi wa ɗansa sabon alkawari. In kuwa ya riga mu, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa wani ya rufe shi da hannun tausayi, Ka sanar da mu ko a mafarki don mu san addu'ar da za mu yi. Ka rage wa Dattijo ƙarar duniya. Ka ba Rabi abin da ya fi alheri gare ta. Ka kai sauƙi ga duk gidan da ke jiran sallamar da ba ta zo ba, daga Zugu har Gwashi har Anka. Amin.

Ka huta lafiya, ɗana. Na riƙe, ban saki ba.

Ni ne,
Mahaifinka,
daga Gummi.